JARIDAR JIYA BA TA ƘUNSA TSIRE CE KAƊAI BA: INDA ƊALIBAN AIKIN JARIDA ZA SU NEMI TARIHIN AREWA

Duk wanda ya taso a mota daga Kafanchan ko Zonkwa ko Kachiya ya nufi Kaduna, in ya wuce Kujama ya soma hango bututun matatar mai, ya san ya iso Mararaban Rido, ya kuma san tafiya ta zo ƙarshe. Daga nan sai Sabon Tasha, sai a haye gadar Kogin Kaduna a faɗa cikin gari. Abin da galibin matafiya ba su sani ba shi ne, tsakanin wannan mararraba da Samarun Zariya, tafiyar 'yan sa'o'i kaɗan, nan aka jibge babban kaso na abin da ya rage na tarihin aikin jarida da rediyo na Arewacin Nijeriya.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan shafi shi ne, 'ya'yan mutanen Arewa mazauna Ikko da Badun da Abekuta da Shagamu da Inugu da Fatakwal da yawa suna karatun aikin jarida da watsa labarai a jami'o'i da kwalejojin da ke kusa da su. In shekarar ƙarshe ta zo, tilas kowane ɗalibi ya rubuta kundin bincike kafin a ba shi takardar shaida. To, a nan ake yin ta. Yaro ya so ya yi rubutu a kan jaridun Hausa, ko a kan Rediyon Kaduna wanda ya tashi ya tarar mahaifinsa ba ya rabuwa da shi, amma in ya buɗe littattafan da ke ɗakin karatun makarantarsu sai ya ga an fara da Iwe Irohin da Henry Townsend ya kafa a Abekuta cikin 1859, a zarce kan Daily Times ta 1926 da West African Pilot ta Dokta Azikiwe ta 1937 da Nigerian Tribune ta Cif Awolowo ta 1949, sa'an nan a taɓa labarin Arewa kaɗan a wuce. Daga nan wani ya saki maganar ya koma kan abin da kowa ya riga ya rubuta, wani kuwa ya je ya sayi kundin da aka kwafo, ya sa sunansa. Ko ta wace hanya aka bi, hasara ta tabbata, domin tarihin ya zauna ba a rubuta ba, takardun da za a rubuta shi da su kuwa gara da ƙura da yoyon ruwa suna ta cin rabonsu.

SANIN ABIN DA AKE NEMA

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san sunan garin da za shi. Ɗalibin da ya shiga gidan ajiye takardu ya ce a ba shi tsofaffin jaridun Arewa kawai, ya wahalar da kansa ya wahalar da ma'aikata. Saboda haka ga sunayen da ya kamata ya riƙe.

Kafin Gaskiya akwai Jaridar Nijeriya ta Arewa, wadda gwamnatin Turawa ta soma fitarwa a farkon shekarun 1930 cikin harsuna uku, watau Hausa da Larabci da Turanci, galibi don sarakuna da ma'aikatan En'e. A cikin watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Dokta Rupert East yana lura da aikin, Malam Abubakar Imam yana edita. Lokacin ana jin ƙishin-ƙishin yaƙi da Jamus, jita-jita ta cika kasuwanni, gwamnati kuwa tana neman hanyar da za ta isar da nata bayanin ga jama'a. A zamanin yaƙin ne aka ƙara da 'yar takardar labarai mai suna Suda, da kuma 'Yar Gaskiya wadda ake rubutawa da ajami don waɗanda ba su iya boko ba. Amma Imam bai bar jaridar ta tsaya kan zama bakin gwamnati kaɗai ba. Shafin wasiƙun masu karatu ya zama dandalin da malaman makaranta da akawuna da 'yan kasuwa na ko'ina suke kawo kukansu, har da mazauna kudu da na Gwalkwas, watau Gana ta yanzu. Mai son ya san abin da ke damun ɗan Arewa mai ilmin boko kafin a kafa jam'iyyun siyasa, ya fara da waɗannan wasiƙu.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, a 1948 kuma ya fito da jaridar Turanci, Nigerian Citizen. A 1949 kamfanin Dokta Azikiwe ya mai da jaridarsa Comet zuwa Kano, ita ce kuwa ta zama mafakar 'yan NEPU bayan an kafa jam'iyyar a watan Agusta na 1950. Wanda ya karanta Citizen bai karanta Comet ba, ya ji ganga ɗaya ke nan. Cikin shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta yi ta buga ƙananan jaridu na larduna, irin su Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Bazazzaga ta Zariya, da Zumunta ta Bauci, ban da Jakadiya ta masu koyon karatu. An rufe hukumar a 1959, jaridun nan kuwa su ne suka fi wuyar samu a yau, saboda ba a buga su da yawa ba.

Ranar 1 ga Janairu, 1966, mako biyu kafin juyin mulkin farko, New Nigerian ta maye gurbin Citizen a Kaduna, Gaskiya ma ta koma ƙarƙashin wannan kamfani. Malam Adamu Ciroma da Malam Mamman Daura da Malam Turi Muhammadu duk sun yi editanta. Tsofaffin mazauna Ikko za su tuna lokacin da kamfanin ya kafa injin ɗab'i a Ijora cikin 1973 don jaridar ta riƙa fita kudu da Arewa rana ɗaya. Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1975, daga baya aka mayar wa jihohin Arewa, sa'an nan ta yi ta tangal-tangal har ta daina fita kamar da. A farkon shekarun 1980 kamfanin Triumph na Jihar Kano ya fito da Albishir ta boko da Alfijir ta ajami, kamfanin Concord na Cif Abiola kuma ya buga Amana. Aminiya ta kamfanin Trust ta biyo baya a 2006.

GIDAJE UKU A KADUNA

Zangon farko shi ne Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa, reshen Kaduna, wanda ke kan Titin Yakubu Gowon. Asalin wannan hukuma daga aikin Dokta Kenneth Dike ne, wanda ya sa aka kafa ofishin tattara takardun gwamnati a 1954, manyan rassanta uku kuwa suna Badun da Inugu da Kaduna. Na Kaduna shi ke riƙe da fayilolin ofishin Sakataren Lardunan Arewa da na Razdan-Razdan da Di'o-Di'o, da na ma'aikatun tsohuwar Gwamnatin Jihar Arewa, tare da tsofaffin jaridu da gazet da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Amfanin fayilolin ga ɗalibin aikin jarida shi ne suna nuna abin da ke bayan labule. Jarida tana nuna abin da aka buga. Fayil kuwa yana nuna wanda ya ba da kuɗin, da wanda ya yi ƙorafi, da yadda ake tura wa En'e-En'e kwafi su sayar, da yadda ake shirya yawon majigi ƙauye-ƙauye.

A nan akwai wani abin lura ga mai bincike kan Kudancin Kaduna. An jera fayiloli bisa lardunan zamanin Turawa ne, ba bisa jihohin yanzu ba. Zangon Katab da Kachiya da Kauru suna cikin fayilolin Lardin Zazzau. Amma ƙasar Jama'a, inda Kafanchan take, ta zauna ƙarƙashin Lardin Nasarawa, da aka yi gyaran larduna a 1926 ta koma Lardin Filato, sai daga baya aka haɗa ta da Zariya. Ɗalibin da ya tsaya kan jerin fayilolin Zariya kaɗai zai yi tsammanin babu kome a kan Kafanchan, alhali kuwa abin da yake nema yana kwance cikin na Jos da na Nasarawa.

Zango na biyu shi ne Gidan Arewa, a kan Titin Raba, watau gidan da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya zauna lokacin yana Firimiya. An mai da shi cibiyar binciken tarihi a 1970, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Abdullahi Smith ne kuma darektansa na farko. Akwai ɗakin karatu, akwai takardun gwamnatin Arewa, da jaridu ɗaure cikin kundi-kundi, da rahotannin muhawarar majalisa, da kundayen digiri na ɗaliban da suka gabata. Wanda ke son ya gwada abin da ɗan majalisa ya faɗa da abin da jarida ta ce ya faɗa, to ga wurin aiki.

Na uku shi ne reshen Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Kaduna. Dokar 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ko jarida a Nijeriya ya kai wa wannan hukuma kwafi uku, gwamnatin jiha kwafi 10, Gwamnatin Tarayya kwafi 25. Ba kowa ne ya bi dokar ba, saboda haka akan sami giɓi, amma wurin ya isa a leƙa. Ban da waɗannan, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004 tana kuma da reshe a Kafanchan, duk suna koyar da aikin jarida, kundayen ɗalibansu kuwa sukan nuna wa mai bincike inda wasu suka tsaya don ya ɗora.

ZARIYA DA KANO

Daga Kaduna sai Zariya, mahaifar Gaskiya. Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Samaru yana da sashen da aka keɓe don littattafai da takardun Afirka, da kundayen digiri masu yawa, Sashen Harsunan Nijeriya na jami'ar kuma ya daɗe yana nazarin Hausar jarida da fassarar labarai. A Kano, Jami'ar Bayero ta buɗe sashen koyar da aikin jarida tun ƙarshen shekarun 1970, ga Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, ga Gidan Mumbayya na marigayi Malam Aminu Kano don mai neman takardun NEPU da PRP, ga kuma Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa.

Kafin ɗalibi ya kashe kuɗin mota, akwai littattafan da za su share masa hanya. Hausa a Rubuce na Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, wanda aka buga a Zariya a 1988, ya jero tarihin hukumomin ɗab'i da jaridun Hausa. Tarihin rayuwar Abubakar Imam da Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara ya fito a 1989, a ciki kuwa akwai labarin tafiyar Imam Ingila a 1943 tare da editocin Afirka ta Yamma. Littafin Fred Omu na 1978 ya yi bayanin jaridun kudu daga 1880 zuwa 1937, na Brian Larkin na 2008 kuma ya yi magana a kan rediyo da majigi da silima a Kano.

ABIN BINCIKE A KUDANCIN KADUNA

Wani zai ce, to me za a rubuta a kan wannan yanki? Abin rubutawa ya fi ƙarfin kundi guda. Tun da aka haɗa hanyar jirgin ƙasa ta gabas da ta yamma ta Kafanchan cikin shekarun 1920, garin ya zama mahaɗar mutane da labarai, jaridun Ikko da na Fatakwal suna sauka a tasharsa tare da fasinja. Hausa kuma ita ce harshen kasuwa da na coci da na masallaci a tsakanin Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Fulani da Hausawa. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, mishan-mishan kuma sun yi ta buga mujallu da ƙasidu da Hausa, suna shirya shirye-shiryen rediyo a Jos ana watsawa daga Laberiya da Habasha. Wannan reshe ne babba na tarihin watsa labarai da Hausa wanda ba a cika kula da shi ba, kayan aikinsa kuwa suna ɗakunan karatun makarantun tauhidi irin na Kagoro da ofisoshin ikilisiyoyi a Jos.

Sa'an nan ga batun da ya fi kowanne nauyi, watau yadda 'yan jarida suka ba da labarin rigingimu. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan cikin watan Maris na 1987 ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina cikin 'yan kwanaki, an kuwa zargi kafofin watsa labarai, na Arewa da na kudu, da rura wutar. Gwamnatin jihar ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Madam Hansine Donli, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa kotun musamman ta Mai Shari'a Karibi-Whyte. Haka nan rikicin Zangon Katab na watannin Fabrairu da Mayu na 1992, wanda ya faro daga gardamar sauya wa kasuwa mazauni, ya bar rahoton hukumar Mai Shari'a Rahila Cudjoe da shari'ar kotun Mai Shari'a Okadigbo. Ɗalibi mai natsuwa zai iya ɗaukar kwana 14 na farko na kowane rikici, ya jera New Nigerian da Gaskiya da Nigeria Standard ta Jos da jaridun Ikko gefe da gefe, ya duba kanun labarai, da adadin da kowace ta bayar, da waɗanda aka ji ta bakinsu, da sunan da aka kira kowane ɓangare da shi, sa'an nan ya gwada da rahotannin hukuma. Wannan aiki ba na tonon tsohon miki ba ne. Amfaninsa shi ne ɗan jaridar gobe ya ga da idonsa yadda kalma ɗaya a kanun labari ke iya jawo wa wanda ke Agege ko Sabo a Badun fitinar da bai san farkonta ba. Mazauna kudu sun fi kowa sanin wannan.

Ita kanta Mararaban Rido abin bincike ce. An buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, unguwannin da ke kewaye da ita kuma suka cika da ma'aikata da direbobin tanka da masu sayar da abinci daga ko'ina cikin ƙasar nan. Yaya jaridu suka ba da labarin buɗe matatar, sau nawa kuma suka koma suka ji ta bakin maƙwabtanta a shekarun da suka biyo baya? Amsar tana cikin kundayen jaridu, jira take a ƙidaya.

REDIYO YA FI WUYA

In neman jarida wahala ne, neman muryar rediyo ya fi. An buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, aka mai da rediyon ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya a 1978. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki ranar 13 ga Maris, 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Faransa kuma a 2007. Amma a zamanin faifai da zaren ɗaukar magana, abin yana da tsada, saboda haka gidajen rediyo a ko'ina cikin duniya sukan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai. Abin da ya tsira kaɗan ne.

Duk da haka akwai dabaru uku. Na farko, jaridu sun riƙa buga jadawalin shirye-shirye, daga nan za a san abin da ake watsawa da lokacinsa. Na biyu, a Ingila da Amurka an kafa ofisoshin da aikinsu shi ne sauraron gidajen rediyon duniya suna rubuta muhimman labarai da Turanci, har da na Kaduna da na Ikko, ana kuma samun waɗannan rahotanni a manyan ɗakunan karatu na ƙasashen. Na uku, wanda ya fi duka, shi ne mutane. Tsofaffin masu karanta labarai da masu fassara da injiniyoyi da suka yi ritaya suna nan a Kaduna da Zariya da Kano, ofishin Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, yana iya haɗa ɗalibi da su. Kowace shekara kuwa sai an rasa wasu, kowane ɗaya in ya tafi ya tafi da abin da ba ya cikin fayil. Kada kuma a manta da dillalan jarida, domin su suka san wadda ake saye da wadda ake karantawa a tsaye a ajiye.

WANDA BA SHI DA KUƊIN MOTA

Ba lalle sai an je Arewa za a fara ba. Ɗakin Karatu na Kenneth Dike a Jami'ar Badun ya soma karɓar kwafin abubuwan da ake bugawa a Nijeriya tun dokar 1950, reshen Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Badun kuma yana cikin harabar jami'ar. A Ikko akwai reshen Ɗakin Karatu na Ƙasa a Yaba inda ake ajiye jaridu, da Jami'ar Ikko wadda ta fara koyar da aikin jarida a 1966, da Makarantar Koyon Aikin Jarida ta Nijeriya a Ogba. Mazauna gabas suna da reshen Inugu, da Jami'ar Nsukka wadda ta riga kowace jami'a a ƙasar nan buɗe sashen aikin jarida a 1961. A waɗannan wurare za a fi samun jaridun Turanci, har da Citizen da New Nigerian, ɗalibi ya gama da su tukuna, ya rubuta abin da ya rage masa, sa'an nan ya yi tafiya ɗaya tak zuwa Kaduna da Zariya lokacin hutu.

Intanet ma ta rage nisa. Jami'o'i da yawa, har da ta Ahmadu Bello, suna sa kundayen digiri a shafukansu kyauta. Dandalin AJOL yana tara mujallun ilmi na Afirka. Wasu matasa a Ikko sun kafa Archivi.ng, suna ɗaukar hoton tsofaffin jaridun Nijeriya shafi-shafi suna sa wa kowa ya duba. Amma kada ɗalibi ya ruɗi kansa. Mafi yawan jaridun Hausa na da ba su hau intanet ba, abin da ke kanta kuma yakan ɓace in kamfani ya rufe ko ya sake shafi. Wanda ya ce abin da bai gani a wayarsa ba babu shi, ya yi kuskure babba.

GUZURIN MAI BINCIKE

Ga wanda ya yi niyyar tafiya, ya nemi takardar gabatarwa daga shugaban sashensu, da katin shaidar ɗalibi, domin da wuya a buɗe masa fayil ba tare da su ba. Ya je ranar aiki da sassafe, ya fara da littafin jerin fayiloli, ya rubuta lambar kowane fayil daidai yadda take. Ya tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto da abin da ake biya kafin ya fito da waya. Kowane labari ya kwafa, ya rubuta sunan jarida da rana da wata da shekara da lambar shafi nan take, gama wanda ya ce sai ya koma gida zai tuna, zai sake biyan kuɗin mota. Ya yi amfani da fensir, ya juya shafi a hankali, domin takardar jarida ba a yi ta don ta daɗe ba, in ta tsufa tana karyewa kamar busasshen ganye. Wanda ya yage shafi ya sa aljihu ya cuci duk wanda zai zo bayansa. In kuwa takardar da ake nema tana hannun wata ma'aikatar Gwamnatin Tarayya, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon nema a rubuce, ta kuma ba ma'aikatar kwana 7 ta ba da amsa.

AKWATIN DA KE ƘARƘASHIN GADO

Saura magana ɗaya, ita kuwa ta iyaye ce. Shekara da shekaru mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Obalende da Sabon Badun da Shagamu suna sayen Gaskiya, wanda ya iya karatu yana karanta wa jama'a a bakin rumfar goro ko a zangon shanu. Sun aika wasiƙu gidajen rediyo, sun sayi katin zaɓe, sun kafa ƙungiyoyin masu sauraro, sun ɗauki jawabai da wasannin kwaikwayo a kaset. Wani Bature, Abner Cohen, ya rubuta littafi a kan Hausawan Sabo na Badun a 1969, amma tarihin yadda baƙin Arewa a kudu suke samun labarin gida kafin zuwan wayar hannu har yanzu yana jiran mai rubutawa, kayan aikinsa kuwa suna cikin akwatunan ƙarfe a ɗakunanmu.

Saboda haka in dattijo ya rasu, ko za a tashi daga gida, kada a kwashe tsofaffin jaridunsa a kai wa mai tsire ko mai ƙosai. A ware su, a kaɗe ƙura, a sa su inda ruwa da gara ba za su kai ba, a nuna wa yaran da ke makaranta, in sun yi yawa a tuntuɓi ɗakin karatun jami'a mafi kusa ko Gidan Arewa. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan Arewa a garuruwan kudu za su iya keɓe kabad guda a fada ko a ofis don wannan, su kuma taimaka wa ɗalibi ɗaya ko biyu da kuɗin mota zuwa Kaduna kowace shekara. Kwafi guda na Bazazzaga ko Alfijir da wani ya ɗauka shara ne, watakila shi kaɗai ya rage. In ba mu adana namu ba, wasu za su rubuta mana tarihin da abin da suka samu a nasu, ba kuwa za mu sami bakin yin ƙorafi ba.